Birni ko ƙauye: mai zaɓi daban, wanda tilas ta kora daban

Da zarar an gama yankan hatsi an zuba damma a rumbu, tashoshin mota na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙonni sukan cika da samari masu ƙunshin kaya a kafaɗa. Wasu Yamai suka nufa, wasu Agadas, wasu kuma sai Kano, Legas, Abijan ko Libiya. Abin ya daɗe har ya samu suna: cin rani, ko tafiya biɗa. Idan hadarin farko ya haɗo a watan Mayu ko Yuni, motocin sukan juyo da yawancinsu gida domin shuka. Amma kowace shekara akwai waɗanda ba su dawowa. Ɗakin haya a Talaje ko Bukoki ya zame musu gida, gona kuma ta koma hannun ƙane ko tsohon da ƙarfinsa ya fara ƙarewa.

A irin wannan lokaci ne tsohuwar muhawara ke sake tasowa a fadar shan shayi, a shirye-shiryen rediyo na kiran waya da kuma zaurukan WhatsApp: zaman birni ya fi, ko zaman ƙauye? Masu son birni na lissafa wuta, famfo, asibiti, makaranta da kasuwar da ba ta jiran ranar mako. Masu son ƙauye na ambaton kwanciyar hankali, iska mai kyau, zumunci, fura da nono na gaske, da gidan da babu mai zuwa karɓar kuɗin haya a ƙarshen wata. Akan ƙare hirar da dariya, a ce kowa da abin da ransa ke so.

Wannan jarida na ganin cewa a nan ne muhawarar ke kauce wa gaskiya. Zancen abin da rai ke so yana da ma'ana ga wanda aka ajiye wa abu biyu a gabansa aka ce ya ɗauki ɗaya. Mafi yawan ƴan Nijar ba su cikin wannan hali. Wanda ya bar ƙauye sau da yawa rashi ne ya kore shi, wanda ya zauna kuma sau da yawa kuɗin mota ne bai samu ba. Muddin haka lamarin yake, tambayar da ta kamata hukumomi da al'umma su yi ita ce: me zai sa zama a ƙauye ko tafiya birni ya zama zaɓi na gaske?

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa Nijar na da mutum miliyan 17 da ƴan kai, kuma kashi 16 cikin 100 ne kawai ke zaune a birane. Yamai a lokacin ta ɗan zarce mutum miliyan ɗaya. Jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa su kaɗai sun ɗauki kusan kashi 60 cikin 100 na al'ummar ƙasar, kuma mafi yawansu manoma ne da makiyaya. Ƙidayar ta kuma nuna jama'a na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, wato adadin na ninkawa cikin ƙasa da shekara 20. Ke nan duk wanda ke maganar ƙauye a Nijar yana maganar mutum huɗu ne cikin kowane biyar. Yadda rayuwarsu ta kasance shi zai yanke yadda biranen za su kasance.

Masu son birni na da hujja, kuma bai dace a raina ta ba. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun wutar lantarki a ƙasar, kuma akasarinsu a birane suke. Inda akwai wuta, akwai walda, niƙa, ɗinki, sayar da ƙanƙara da cajin waya, wato akwai sana'ar da ba ta jiran damina. Manyan asibitoci da ƙwararrun likitoci a birni suke. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma uwar da ke da tafiyar rabin yini a amalanke kafin ta kai gidan likita ta san cewa nisa ma kuɗi ne. Yaron da ya gama firamare a ƙauyen da babu kwaleji, sai an nema masa mai riƙo a gari, kuma yawancin ƴan mata a nan karatunsu ke tsayawa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fada ba, saboda maza ne ke zaune a wurin. Yabon ƙauye ya fi sauƙi a bakin wanda ba shi ke daka ba, ba shi ke jan guga a rijiya mai zurfi ba, ba shi ke yawon neman itace ba. Idan mazan gari suka tafi biɗa, mata ne ke riƙe da gida wata shida ko bakwai, da yara, da tsofaffi, da awaki, suna jiran abin da za a aiko ta Nita ko Amana. Wani lokaci a aiko, wani lokaci shiru. Duk muhawarar da ba ta saurari waɗannan mata ba, rabin labari ta ji. Da yawa daga cikinsu in sun ce suna son birni, famfo da injin niƙa da ɗakin haihuwa suke nufi.

Masu son ƙauye su ma gaskiyarsu a fili take. A ƙauye mutum na da suna da dangi, ana sanin ranar da bai fito ba. In ya yi rashin lafiya akwai mai leƙo shi, in ya rasu akwai mai ɗaukarsa. Gayya ba ta mutu ba a wurare da dama. Wanda ke da hatsi a rumbu ya fi ƙarfin wasu abubuwan da ke hana ma'aikacin birni barci. An ga haka bayan watan Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, farashin shinkafa ya tashi. Mazauna birni da yawa sun koma dogaro da buhun hatsi ko waken da ƴan'uwa ke ɗoro musu a mota daga ƙauye.

Sai dai a lura da masu wannan yabo. Akasarinsu ma'aikata ne da ƴan kasuwa da ke zuwa ƙauye ranar salla ko ranar biki, su kwana biyu, su koma inda fanka ke juyawa. Malami ɗan kwantaragi ko malamar asibitin da aka tura wani ƙauye mai nisa, sau da yawa abu na farko da yake nema shi ne hanyar da za a maido shi gari. Ba za a zarge shi kai tsaye ba, domin shi ma yana da iyali kuma yana son ƴaƴansa su yi karatu. Amma hakan na nuna cewa ƙauyen da ake yabo a baki, ƙafafu na gudunsa.

Dalilan gudun ba ɓoyayyu ba ne. Na farko ƙasa ce. A kudancin Maraɗi da kudancin Damagaram, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta. Babu sauran dajin da za a sassabe, babu halin barin gona ta huta. Abin da gida ke girbewa a wurare da yawa ba ya kai su wata damina. Na biyu, damina wata uku ce zuwa huɗu. Sauran watannin, saurayi mai ƙarfi ba shi da abin yi in babu fadama ko rijiyar noman rani kusa da shi. Na uku, bashi. Manomi na sayar da hatsi da araha a lokacin kaka domin biyan bashi da hidimar aure ko suna, sannan ya dawo ya sayi tiya da tsada a lokacin da ake tsakiyar noma, wani lokaci har ninki. Wanda ya yi wannan zagaye shekara uku a jere ba ya buƙatar mai ba shi shawarar tafiya.

Tafiyar kuma ba kullum take ƙarewa lafiya ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, da dama kuma daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. Babu wanda zai ce sha'awar fitilun birni ce ta sa uwa ta ɗauki goyo ta shiga Sahara. Ruwa ba ya tsami banza.

A ƴan shekarun nan rashin tsaro ya ƙara wani dalili. A yankunan Madarunfa da Gidan Runji, satar shanu da garkuwa da mutane sun sa iyalai da dama barin garuruwansu, wasu na kwana a gari su koma gona da rana. A watan Maris na 2021 an kashe mutum 137 a yankin Tiliya na jihar Tawa. A jihohin Tilaberi da Difa dubban mutane sun bar ƙauyukan da aka haife su. Tambayar irin waɗannan mutane ko birni suka fi so ko ƙauye, ƙarin ciwo ne a kan ciwo.

To, idan an iso birnin fa? Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Baƙon da ya sauka a tasha ba shi da albashi, sai abin da ya samu a yini: turin kura, ga-ruwa, dako a kasuwar Katako, leburanci a wurin gini, wankin takalmi, ko kabu-kabu da babur ɗin wani. Mafi ƙarancin albashi a hukumance jika 42 ne a wata tun farkon 2024, kuma mafi yawan masu irin waɗannan ayyuka ba su ma san da wannan doka ba. Daga cikin abin da aka samu za a biya haya, a sayi ruwa, a sayi gawayi, a ci abinci, sannan a aika gida. Ƴan matan da ke zuwa aikatau a gidajen Yamai su ne suka fi kowa rashin mai kare su.

Shi kansa birnin bai cika alƙawarinsa ga ƴaƴansa ba, balle ga baƙo. Damagaram, wadda ta riƙe matsayin babban birnin ƙasa har zuwa 1926, har yau takan yi fama da ƙarancin ruwa a lokacin zafi, mata da yara na kwana a layin famfo. Matasan da suka girma a unguwannin da babu aiki babu makaranta su ne suka cika ƙungiyoyin da ake kira fale a can. Wanda ba shi da kuɗin fili mai takarda yakan gina ɗakin laka a kwari ko a kan hanyar ruwa. Tarihi ya riga ya yi gargaɗi a kan haka: ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da garin Maraɗi daga bakin gulbi aka maido shi kan tudu. A 2020 kogin Isa ya fasa shinge ya shiga unguwannin Yamai. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Duk lokacin da haka ta faru, talakan da ya zo neman sauƙi ne ke fara rasa rufin kansa.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne Nijar na da misalan da ke nuna cewa ƙauye na iya riƙe mutanensa idan ya samu abin riƙewa. Albasar Galmi ta yi suna har Akara da Abijan, kuma a kwarin Majiya da Tarka rani lokacin aiki ne, har ana ɗaukar ƴan ƙwadago daga wasu wurare. A Jiratawa, kusa da Maraɗi, noman ban ruwa da zogale na ciyar da gidaje duk shekara. Rake a yankin Matamaye da aya a yankin Cadawa sun zama hanyar samun kuɗi ga manoma. Aikin Kaita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, ya farfaɗo da ƙasar da aka riga aka fitar da rai da ita, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a gona maimakon a ƙone shi, ya faro ne daga jihar Maraɗi a shekarun 1980, kuma masu bincike sun ƙiyasta ya maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Manoma ne suka yi wannan da gatarinsu da haƙurinsu. A duk waɗannan wurare ana tafiya biɗa har yanzu, amma mai tafiyar na da abin da zai dawo ya tarar.

Daga waɗannan misalai ana iya gane inda ya kamata kuɗin gwamnati da na masu ba da tallafi su dosa. Na farko shi ne ruwan noman rani: rijiyoyi, ƙananan madatsai da famfunan hasken rana, tare da horar da masu gyara a cikin garuruwan, domin famfon da ya lalace aka rasa mai gyara ba shi da bambanci da wanda ba a kafa ba. Na biyu, hanyar fitar da amfani. Tumatir da albasar da suka ruɓe a gona saboda mota ba ta iya shiga, asara ce ta ƙasa baki ɗaya. Na uku, bankunan cimaka da tsarin ajiye amfanin gona a sito a karɓi rance a kansa, wanda aka gwada a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Tsarin na hana manomi sayar da guminsa da araha a kaka, amma yana buƙatar shugabanci na gaskiya da bin diddigi. Na huɗu, takardar gona. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye. Inda suke aiki, rigimar manoma da makiyaya na raguwa, mace da maraya na iya kare gadonsu. Inda suka zama suna kawai, mai kuɗi daga birni ne ke sayen gonar mai yunwa.

Akwai kuma matsakaitan garuruwa, waɗanda muhawarar birni da ƙauye ke mantawa da su. Tasawa, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Magarya, Dakoro, Mirya da Tanut na tsakanin biyun. Idan irin waɗannan garuruwa suka samu wuta tsayayya, asibitin da ke iya yin tiyatar haihuwa, makarantar koyon sana'a da ƙananan masana'antun sarrafa gyaɗa, wake, albasa da fata, saurayi zai iya yin aiki a gari ya je gonarsa da babur. Buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010 ya nuna cewa ba dole ne komai ya taru a Yamai ba, kuma dubban ɗalibai sun yi karatu kusa da iyayensu saboda wannan mataki. Irin wannan tunani ake buƙata a matakin gundumomi. Ma'aikacin da aka tura ƙauye kuma ya cancanci gidan kwana, alawus na musamman da albashi a kan lokaci, in ana so ya zauna.

Hukumomin birane su ma da nasu nauyin. Korar masu talla daga bakin titi da rushe rumfuna ba su taɓa mayar da kowa ƙauye ba, sai dai su matsa zuwa wata unguwar. Jama'a za su ci gaba da shigowa ko an so ko ba a so ba. Hikima ita ce a yanka filaye a kan tudu, a ja musu ruwa, a buɗe magudanai tun kafin mutane su zauna, a hana sayar da filaye a kan hanyar ruwa, a kuma hukunta duk jami'in da ya sa hannu a irin wannan ciniki. Yin haka ya fi arha a kan rabon tabarmi da shinkafa bayan gidaje sun rushe.

Al'umma ma ba ta kuɓuta ba. Har yau kalmar baƙauye zagi ce a bakin yaran birni, alhali tuwon da suke ci daga hannun wannan baƙauyen ya fito. Yaron ƙauye da ya girma yana jin ana yi wa mahaifinsa dariya saboda kaushin hannu, ba abin mamaki ba ne in ya tsani fartanya. Su kuma masu dawowa daga biɗa da sabuwar waya da sabon babur, ya kamata su riƙa gaya wa ƙannensu gaskiyar inda suka kwana da abin da suka ci, da labarin waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba. Ƴan boko da ƴan kasuwar da suka fito daga ƙauye, waɗanda ƙungiyoyinsu na ci gaban gari suka cika Yamai, za su iya auna ƙaunarsu ga garin da abin da suka gina a can: aji, rijiya, injin niƙa, ko motar ɗaukar mara lafiya.

Babu laifi ga wanda ya fi son hayaniyar Yamai, babu laifi ga wanda ya fi son inuwar gawo a bakin gonarsa. Ƙasa na buƙatar su duka, kuma yawancin gidaje a Nijar ƙafa ɗaya a birni take, ɗaya a ƙauye. Abin da ƙasa ba za ta iya ɗauka ba shi ne miliyoyin matasa da ke barin gida ba don suna so ba, su isa inda ba a shirya musu komai ba. Ma'aunin duk wani shirin raya karkara, kowane suna aka ba shi, abu ne mai sauƙi: a je tashar Tasawa ko ta Magarya bayan kaka, a tambayi saurayin da ke shirin hawa mota ko yana da abin da zai yi in ya zauna. Ranar da amsarsa ta zama e, amma duk da haka ya ce shi birni yake so, ranar ce za a iya cewa ya zaɓa.